Ranar da Balaraben banki ya raka ni wurin Kawu

Shugaban reshen bankin da na fara aiki a Lyon Balarabe ne, siriri, mai saurin tafiya kamar wanda ya bar tukunya a wuta. A ƙasarsu ya fara, ƙaramin ma'aikaci a bayan kanta, ya zo Paris ya ƙaro ilimi, ya yi ta hawa har aka damƙa masa reshenmu. Yana da wata ɗabi'a da ta ishi kowa: in banki ya amince da buƙatar mutum, waya ta wadatar, in kuwa an ƙi, sai an taka an faɗa masa ido da ido. Turawan da muke aiki tare suna ganin ɓata lokaci ne. Ni ma haka nake gani.

Akwai wani Alhaji mutumin Damagaram mai sito a Aubervilliers, gefen Paris, yana shigo da rigunan sanyi. Kawu nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shi ya tarbe ni da na sauka Faransa, a falonsa na yi ta kwana har na samu ɗaki, Hajiyarsa ta ciyar da ni ba ta taɓa ɓata fuska ba. Da ya ji na shiga banki, sai ya tsallake bankunan Paris kaf ya kawo buƙatarsa Lyon, yana so a tallafa masa ya kama sito na biyu. Ni aka ba in duba. Na duba gaba na duba baya, abin ba ya yiwuwa. Na farkon ma maƙil yake da kayan da ba su fita ba, in aka ƙara masa wani, duka biyun za su salwanta.

To, yaya Bahaushe zai dubi wanda ya ci tuwon gidansa ya ce masa a'a? Mu ba ma yi. Sai mu ce ana kan dubawa, in Allah ya so za a ji, har mutum ya gaji ya gane da kansa. Abin da na shiga yi ke nan duk sanda Kawu ya bugo, don na san in na faɗa na rasa gidan da nake da shi a ƙasar nan.

Wata rana shugaban ya ji ni a waya. Da na ajiye ya tambaye ni, na yi masa bayanin kunya irin tamu, har da ɗan alfahari.

Ya ce, "Mu ma muna da kawunnai. Amma yanzu haka mutumin nan yana can yana yi wa mai siton da zai kama alkawari, don ya dogara da kai. Ɗauko rigarka."

Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Paris. A sito Kawu ya rasa inda zai sa mu don murna. Balaraben ya zauna a kan kwalin kaya da kwat ɗinsa mai tsada, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya sha shayi har ya nemi ƙari. Na fara samun natsuwa, na ce shi zai ɗauke mini nauyin. Sai kawai ya ajiye kofi ya ce, "Alhaji, ɗanka yana da magana."

Wallahi a lokacin na tsane shi. Na faɗa dai, idona a ƙasa. Kawu ya saurara har ƙarshe. Ya dubi Balaraben ya ce, "Kai baƙo ne, ka yi aikinka, mun gode." Ni kuma ko kallona bai yi ba, ya ce, "Allah shi ba da sa'a."

A hanyar komawa shugaban bai rarrashe ni ba. Cewa ya yi, "Zai yi fushi, kuma yana da gaskiyarsa."

Ya kuwa yi. Shekaru suka wuce, in na gaishe shi sai ya ce lafiya lau, ya miƙa wa Hajiya wayar. A tsakanin nan aka kira Balaraben gida, babban bankin ƙasarsu, daga nan aka naɗa shi ministan kuɗi daidai lokacin da baitulmali ya bushe. Mu a ofis cewa muka yi mutumin nan ya zauce.

Da gwamnatinsu ta janye tallafin man fetur, shi da ƙafarsa ya je tashar mota ya faɗa wa direbobi. Bidiyon ya yi ta yawo a wayoyi: ana yi masa ihu, an jefe shi da ƙwai a kafaɗa, kansa ya yi fari tas da furfura, yana tsaye yana jira su gama ya ci gaba. Ban san ko shawarar daidai ce ba, talakawansu dai sun sha wuya. Amma na ji ƙaunarsa ta cika mini zuciya.

Ana cikin haka, ina kicin a gidana na Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon, wayata ta yi ƙara. Kawu ne, da kansa.

Ya ce, "Ka ga abin da suka yi ma patron ɗinka, Balaraben nan?"

Na ce na gani.

"Ashe haka yake yi ma kowa. Ni na aza raini ne ya sa ya turo mini yaro shi faɗa mini." Sannan ya ce, "Ran Asabar sunan jikanyata. Ka taho da wuri, kai za ka tsaya ma baƙi."

Na jawo kujera na zauna da wayar a kunne, har sai da ya sake cewa, "Alo? Kana ji na kuwa, ɗana?"