Baba Mamman Maƙeri, Mai Kiran Gayyar Tafoki

Ranar Talata da hantsi ina zaune a ofishinmu na aikin gona a Ƙanƙara, wani direba mai jigilar hatsi daga Faskari ya leƙo ta taga ya yi sallama. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Baba Mamman Maƙeri na Tafoki ya riga mu gidan gaskiya, jiya bayan la'asar aka kai shi makwancinsa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alƙalami.

Shekara shida ke nan da aka tura ni Tafoki a matsayin malamin gona, da sabon aure da sabon babur, kafin daga baya a yi mini canji zuwa Ƙanƙara. Lokacin arzikin mai ya fara shigowa ƙasa, samari suna ta tafiya Kaduna aikin gini, rediyo kuwa ba ta da zance sai na motar noma da takin zamani. A nan na san Baba Mamman, dattijo siriri mai farin gemu, wanda maƙerarsa take bakin kasuwa.

Duk shekara kafin ruwan shuka, yakan bi gidajen tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, ya karɓo fartanyoyinsu ya gyara, ya mayar da kansa. In an so ba shi wani abu sai ya ɗaga hannu ya ce, "Hauyar maƙwabci in ta dakushe, rumbunka za ta ci." Shi ne kuma mai kiran gayya. Akwai wani guntun ƙarfe da ya rataye a ƙofar maƙera. In ya buga shi da sassafe, kowa ya san akwai aikin gari, ko sharar maƙabarta, ko cike zaizayar hanyar Mairuwa, ko noman gonar wanda layi ya zo kansa. Yana da faɗa a wajen aiki. Wanda ya makara, ko ɗan mai gari ne, sai ya sha magana.

Ni kuwa, da ƙuruciya da ɗokin boko, wata rana a taron ƙofar gidan mai gari na miƙe na ce zamanin gayya ya wuce, abin da gari guda zai yini yana yi motar noma za ta gama kafin azahar. Baba Mamman ya gyara zama ya ce, "Malam, muna marhabin da motar noma. Amma in ta zo, ka tambaye ta ko ta san gidan mara lahiya." Aka yi dariya. Na ji haushi ƙwarai, har na daina bi ta gaban maƙerarsa.

A damina ta biyu kurkunu ya kama ni ƙafa biyu. Ina da gonar da mai gari ya ara mini, na shuka dawa da gyaɗa, ita ce abincinmu na shekara. Ga matata Binta da tsohon ciki, ga shi ba mu da dangi a garin. Na aika a nemo 'yan ƙwadago, ba a samu ba, kowa yana fama da tasa gonar. Ina kwance a kan tabarma ana kawo mini labarin ciyawa ta fara rufe shuka.

Wata safiya na ji ƙarar ƙarfen gayya, ban kawo komai a raina ba. Can sai ga Inna Hajo, matar Baba Mamman, ta shigo da mata huɗu ɗauke da ƙwaryar fura. Ta ce wa Binta, "Ɗiyata, ba mu babbar tukunya, mutane na can gonarku." Na roƙa aka ɗora ni a jaki aka kai ni. Na tarar da mazan gari sun yi sahu, ganga tana tashi, Baba Mamman yana can gefe a duƙe kamar saurayi. Na kira shi na ce, "Baba, ni da na ce..."

Ya katse ni. "Ka ce mi? Na tsuhwa, kunnena bai riƙe magana. Koma gida kada rana ta taɓa ƙahwar nan."

Tun daga ranar kullum sai ya zo duba ni, shi yake naɗe kurkunun a jikin tsinke a hankali don kada ya tsinke. Wata rana yana cikin naɗewa ya tambaye ni abin da takardunmu suka ce game da wannan ciwo. Na ce daga ruwan tafki ake shan sa. Sai ya ce, "To ga naka ilimi, ga namu ƙarhi." Da rani ya kira gayya aka haƙa sabuwar rijiya a gabashin gari, ni ma na ɗauki ƙasa har bayana ya sage. Mutane suka fara kiran ta Rijiyar Maƙeri, ya hana. Ya ce rijiya ba ta da uba, duk mai guga ɗanta ne. Da motar noman ta iso daga baya, shi ya fara hawa kusa da direba, yana dariya yana riƙe da hularsa.

Ranar sadakar uku na je Tafoki ta'aziyya. Ɗansa Lawal, wanda ya dawo daga Kaduna, ya shaida mini zazzaɓin kwana uku ya yi, ya cika da kalmar shahada a bakinsa, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi. Da na shiga gaida Inna Hajo, ta tambayi Binta da yara, sannan ta dube ni ta ce, "Malam, yanzu da ba ya nan, bari in hwaɗa maka abin da ya hana ni hwaɗi. Ranar da aka yi gayyarka, layin gonarmu ne. Shi ya ce a juya wajenka. Dawarmu ba ta yi kirki ba wannan shekarar." Na sunkuyar da kai. Ta yi murmushi ta ce, "Kada ka damu. Ko kwana ɗaya ba mu yi da yunwa ba."

Allah ya jiƙan Baba Mamman, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba Inna Hajo da Lawal da ƙannensa haƙurin wannan rashi, ya albarkaci abin da ya bari, ya kyautata bayansa. Mutanen Tafoki, Allah ya riƙe muku zumuncinku. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.