Kafofin Iskar Kawu Jusoh

Kawu Jusoh, yayan mahaifiyata ne, kuma duk garinmu na Marang babu kafintan da ya kai shi taurin kai. Ba ya fara aikin gida sai ya je filin da la'asar, ya tuɓe riga, ya tsaya kamar mai jiran saƙo, har ya ji ta inda iskar teku ke shigowa. Daga nan sai ya bar kafofi a saman kowace ƙofa da taga, ya sassaƙa su da zanen ganye. Shekara arba'in yana wannan, kuma ban taɓa jin wanda ya yi gumi a gidan da ya gina ba.

Da na gaji kwangilar gini daga mahaifina, har da Kawu na gada. Ina son shi, amma wallahi yana ba ni ciwon kai.

Shekara uku da suka wuce na samu aikin gidaje goma sha biyu. A lokacin akwai rangwamen haraji ga magina, idan gidan ya ci gwajin rage shan lantarki. Ba don rangwamen ba, kuɗin gidajen zai fi ƙarfin malaman makaranta da masuntan da na gina domin su. Injiniyan da ya zana mana ya tsara gidan a kan za a sa na'urar sanyaya ɗaki, don haka dole bango ya kasance a toshe ruf, kada sanyi ya zurare.

Na yi wa Kawu bayani sau uku, yana cewa "To." Ashe "to" ɗin nan ta fatar baki ce. Na tafi Kuantan sayen kaya kwana huɗu, na dawo na tarar ya huda gidan farko, kafofi tara, kowace da ganyenta.

Ranar gwaji Malama Siew Ping, mai dubawa, ta kafa fankarta ta gwajin yoyon iska a ƙofa, ta kalli ma'auni, ta girgiza kai.

"Baba, gidanka yana yoyon iska ta ko'ina," in ji ta.

"Yoyo? 'Yata, numfashi yake yi. Tun da kika shigo kin yi gumi?"

Ta shafa goshi, ta yi dariya. "Gaskiya ban yi ba. Amma a takarda gidan mai na'ura ne. In za a sake tsari a duba shi a matsayin mai shan iskar Allah, sai an yi wata biyar."

Ba ni da wata biyar. Damina na tafe, masu saye na jira. Na sami Kawu a gindin kwakwa yana cin shinkafa da kifi a ganyen ayaba.

"Kawu, idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A toshe su."

"Rokiah, gidan da ba ya buƙatar wuta ya faɗi, mai buƙata ya ci? Wane irin lissafi ne wannan?"

"Ba ni na yi dokar ba, Kawu."

"Amma ke kika zaɓi hanya." Ya naɗe ganyensa, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa. Bai sake taka wurin ba. Na sa wani ya toshe kafofin da siminti. Gidajen suka ci gwaji, na samu rangwame, mutane suka tare. Ban yi ƙarya ba, ban cuci kowa ba, amma raina bai kwanta ba.

Watan jiya Malam Zulkepli, wanda ya sayi gidan farko, ya zo mini. Ya ce na'urar ba ta shan wuta sosai, amma ranar da aka ɗauke wuta gidan tanda ne, mahaifiyarsa tsohuwa a waje take wuni. Ko akwai mai iya buɗe masa kafofi irin na da?

Na tafi wurin Kawu da kunya. Yanzu hannunsa rawa yake, ko kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa. Ya saurare ni har na gama, bai yi mini gori ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Hannu ya tafi, Rokiah, amma zan iya gaya wa kafintanki inda zai huda. Na manta filin. Da la'asar, ta wane ɓangare iska ke shigo masa?"

Gidaje goma sha biyu na gina a filin nan. Amma ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na ji ta inda iskar ke shigowa ba.