Yadda Motar Yaya Ta Yi Wa Inna Tsayi

Mu uku ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna: maza biyu, sai ni auta. Babban ya yi aikin ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, sannan ya koma noma da baki, wato ya tsaya a inuwa yana nuna wa 'yan ƙwadago inda ba su yi daidai ba. Na biyun shi ne manomin gaske, yana da fadama a gefen dam ɗin Kazaure, kullum ƙafarsa da taɓo. Yaya Babba da Yaya Ƙarami muke ce musu. Idan ɗaya ya ce yau Talata, ɗayan zai ce sai an duba.

Tun da rani suke gardamar abin hawan da za su haɗa kuɗi su saya don kai taki gona da kwaso amfani. Da ba don saƙon Adda ba, ina jin har yau suna nan suna yi.

Adda yayar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tana zaune a ruga can bayan Roni, ta wajen Gwiwa, inda da damina mota ba ta shiga saboda ƙorama da kwazazzabai. Farkon daminar nan wata mai tallar nono ta shigo gidanmu, ta ajiye ƙwaryarta, ta ce Adda ta kwanta ciwo. Ta ce a faɗa wa ƙanwarta, in tana son ganinta, kada ta jira kaka.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ranar ba ta taɓa tuwo ba. Ciwon ƙafa ya daɗe da hana ta hawa babur, amalanke kuwa bayanta ba zai ɗauki jijjigarta ba. Da la'asar Yaya Babba ya shigo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Shi ne ɗan fari, kuma Inna Bafillatana ce ta ainihi: ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana nan durƙushe a gabanta za ta juyo wurina.

"Auta, ki ce wa wancan ina son zuwa wurin Adda."

Na juya na ce, "Yaya, ka ji."

"Na ji. Ki ce mata za a kai ta, amma zuwa da dawowa rana ɗaya. Hawan jininta ba na wasa ba ne, can kuma babu asibiti. Ba za ta kwana ba."

Inna ta gyara zaman mayafinta, ta ce, "Allah ya kai mu." Ni da na san ta, na san wannan ba amincewa ba ce.

To, daga nan fa gardamar mota ta tashi daga hira ta zama aiki. Yaya Ƙarami kurkura yake so, mai ƙafa ukun nan ta ɗaukar kaya. Ya ce ga araha, ga kayan gyara a kowace rumfar makanike, tayarta kuma ko yaron mai faci zai iya da ita. Yaya Babba ya ce shi ba zai ɗora uwarsa a kan abin da ke kifewa in ya ga rairayi ba. Shi idonsa na kan motar dajin nan da ya gani a waya, mai ƙafa huɗu, babu ƙofa babu gilashi, da ɗan akwatin kaya a baya. Ya kalli bidiyon turawa suna hawa duwatsu da ita har cajinsa ya ƙare, ya karɓi wayata.

Abin da ya fi damunsa shi ne tashin cikin motar daga ƙasa. Hanyar rugar, ƙafafun amalanke sun cinye ta gefe da gefe, sun bar doro a tsakiya, duk abin hawan da cikinsa ya yi ƙasa sai ya ɗare doron ya tsaya, tayoyi na juyawa a iska. Yaya Babba ya hau acaɓa takanas ya je inda doron ya fi tudu, ya yanko karan dawa daidai tsayinsa, ya dawo da shi a hannu kamar sandar girma. Matarsa ta kusa hura wuta da karan, aka yi kwana biyu ba a ga maciji.

Yaya Ƙarami da ya ga an kayar da kurkurarsa, sai ya koma kan taya. Ya ce tsayi banza ne in ƙaya za ta sace iskar. Shi ma ya tsinko ƙayar aduwa, mafi tsawo da ya samu, ya soke ta a hularsa.

Haka suka tafi Kano, ni ma na bi su don ina da sayayya a kasuwar Kwari, kuma wallahi na yi nadamar tsayawa kusa da su. Dattijo da babbar riga mai aiki, ya durƙusa a gaban jama'a yana zura kara a ƙarƙashin mota. Ƙaninsa na gefe yana cusa ƙaya tsakanin haƙoran taya, yana girgiza kai kamar likita. Ta farko, karan ya ƙi shiga, Yaya Babba ya ce wannan ai kunkuru ce. Ta biyu karan ya shiga da ƙyar, amma ƙayar ta fi haƙoran tayar tsawo, Yaya Ƙarami ya ce ko kyauta ba ya so. Ta uku duk ta ci jarrabawa, sai dai da dillalin ya faɗi kuɗinta, su biyun suka yi salati a tare. Tunda nake ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.

Daga baya wani ɗan Babura ya haɗa su da mai wata irinta a tsallaken iyaka, ta hannu, kuma da sefa yake ciniki. Nan ma sai da suka tsaya musu. Duk ranar da suka ɓata suna gardamar ko tayar baya ta sha faci, sefa na hawa, naira na sauka, kuɗin motar na ƙaruwa ba tare da mai ita ya ƙara ko sisi ba. Ni kuwa kullum na shiga ɗaki sai in tarar da Inna ta zuba wa ƙofa ido. Raina ya ɓaci, na same su a zaure.

"Yaya, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ku kuna auna kara, Adda kuma numfashi take aunawa. In ta tafi Inna ba ta gan ta ba, sai ku dafa motar ku ci."

Yaya Babba ya ce ba ni da kunya. Washegari suka biya.

Ranar da aka kawo ta, unguwa ta fito kallo. Gaskiya ta yi kyau, tayoyi ɓul-ɓul masu manyan haƙora, ciki a sama, har akuyar maƙwabta ta shige ƙarƙashinta ta fita ta ɗaya gefen ba ta sunkuya ba. Yaya Babba ya zura karansa a gaban kowa, ya nuna sauran filin da ya rage da yatsu. Bakinsa har kunne.

Da safe Inna ta fito da sandarta, ta tsaya a gefen motar. Ta dubi inda ake taka ƙafa a hau, ta dubi ƙafarta. Ta ɗaga, ƙafar ba ta kai ko rabi ba. An auna doro, an auna ƙaya, an auna sefa, babu wanda ya tuna ya auna tsohuwar da aka sayi motar dominta.

Dariya ta taso mini, na danne ta da gefen mayafi.

Yaya Babba ya matso yana naɗe hannun riga. "Auta, ki ce mata bari in ɗaga ta."

Inna ta ja da baya kamar ta ga wuta. Ɗan fari ya taɓa ta, a tsakiyar titi? Yaya Ƙarami ya ce to shi bari ya ɗauke ta, ni ma na ce mu kama mata da matan gida. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Ni ba buhun gero ba ce. Ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa tana nan zuwa, amma ba yau ba."

Can ta nuna dakalin ƙofar gida da sanda, ta ce a kawo motar jikinsa. Aka matso da ita, ta bi ta matakalar zaure ta hau dakalin a hankali, daga nan ta taka ta shiga, ta zauna a gaba, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ni da Yaya Ƙarami muka ɗare akwatin baya kan tabarma.

A hanya kam motar ta fitar da Yaya Babba kunya, ba zan ci haƙƙinta ba. Mun bar kwalta bayan Roni, muka bi burji, burjin ya ƙare muka shiga tsakanin gonaki, gero ya kai ƙugu. Doron nan ta wuce ta kansa ko gezau. A ƙorama ruwa ya kai rabin taya, ta ratsa tana gurnani. Duk inda muka wuce wani mugun wuri sai Yaya Babba ya waiwayo ya ce, "Da kurkura ce fa?" Yaya Ƙarami ya ce ya dubi gabansa.

Muka isa rugar da hantsi. Bukkoki ne a kan rairayi shimfiɗe, ga shanu, ga turke, babu dakali, babu ko tudun da za a ce wannan ne. Inna na zaune a sama, tana jin tarin yayarta daga cikin bukka, ƙasa kuma ta yi mata nisa. A nan dariyar da nake ta yi tun safe ta ɗauke.

Yaya Ƙarami ya diro daga akwatin baya. Ya tsuguna, ya zaro ƙayar nan daga hularsa, ya danna bawul ɗin tayoyin gefen Inna. Iska ta yi ta fita, motar ta karkata kamar raƙumi zai durƙusa. Inna ta juyo da ƙafafunta waje, ta zamo a hankali har tafinta ya taɓa rairayi. Ba ta jira kowa ba, ta nufi bukkar.

Adda ta rame har na kusa kasa gane ta. Da ta ji muryar Inna sai ta miƙo hannu, ta kira ta da wani sunan yarinta da ban taɓa ji ba. Suka koma Fillanci, ƙasa-ƙasa, Inna na shafa mata kai. Na fito na ba su wuri. Yaya Babba ya leƙa ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa, ya daɗe a durƙushe yana kallonsu, fiye da yadda gaisuwa ke buƙata.

Bayan azahar hadari ya fara haɗowa ta gabas. An aro famfon keke, samarin rugar sun yi ta karɓa-karɓa har tayoyin suka tashi, motar ta koma tsayinta na da. Yaya Babba ya ce in kira Inna, kada ƙorama ta cika. Na shiga na tarar ta kwance ƙullin gefen zaninta, ga ƙwayoyin hawan jininta nan zube a faifai, ba na rana ɗaya ba, har da waɗanda aka ajiye na wata mai zuwa. Ta dube ni, na dube ta.

Ta fito da sandarta har gaban motar, ta ɗan ɗaga ƙafa yadda kowa zai gani, ta mayar.

"Auta, ki ce wa wancan motarsa ta yi mini tsayi. Saukowa dai na sauko."

Yaya Ƙarami, sarkin dabara, ya buɗe baki: "Ai ba wani abu ba ne, ga turmi can, in aka kifa shi..."

"Kai, yi mana shiru!" in ji Yaya Babba. Ban taɓa jin ya daka masa tsawa irin wannan ba. Ya tsaya yana kallon motar da ya yi wata da watanni yana yabo, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ki ce mata gaskiyarta ne. Laifin motar ne, ta cika tsayi. Ta zauna tukuna, sai mun samo dabara."

Muka juyo mu uku, kujerar gaba ba kowa, don na ƙi zama a kanta. Har muka hau kwalta babu wanda ya ambaci kurkura.

Dabarar nan ba ta samu ba duk tsawon daminar. Duk ranar kasuwar Gwiwa Yaya Babba zai ɗauki magani da sukari da sabulu ya kai, ya durƙusa a bakin bukka ya gaishe su, ya dawo shi kaɗai. In maƙwabta suka tambaye shi yaushe Inna za ta dawo, sai ya ce ana nan ana nazari.

Adda ta rasu ana gab da yankan gero, kanta a kan cinyar Inna. Bayan sadakar bakwai Inna ta aiko a zo a tafi da ita. Da muka je, ita da kanta ta sa wata jikar Adda ta mirgino turmi ta kifa a gefen motar. Ta taka, ta hau, ta zauna. Yaya Babba ya tada mota, muka kamo hanyar gida.