Baba Rediyo da Ƙofar Tiyata

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ni ce na kai ƙarar Baba Rediyo. Da hannuna na rubuta, shafi biyu cif, har na ja layi uku a ƙarƙashin kalmar "surutu". Wanda zai zage ni ya jira in gama tukuna.

Baba Rediyo shi ne mai tura gadon marasa lafiya daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin tiyata a asibitinmu. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kansa tal babu gashi, ga takalmin roba da ya fi ƙafarsa girma. Tayar gadonsa ɗaya kuka take yi, ƙii-ƙii, ya kuma hana kowa ɗiga mata mai, wai ita ce ke yi masa amshi. Daga ɗakin kwanciya zuwa ƙofar tiyata tafiyar minti huɗu ce, shi kuwa sai ya yi tara, don bakinsa ya fi ƙafarsa aiki. Matarsa ta taɓa gaya mana cewa babanta ya amince da aurensu ne don kawai mutumin ya tashi ya tafi gida.

Ga yadda yake yi. Da zarar an ɗora masa mutum a tsorace, sai Baba ya sunkuyo ya ce, "Malam, ka san labarin akuyar da ta shiga motar haya ta zauna a kujerar gaba?" Ina zai sani, a lokacin ake ƙirƙirarsa! Sai ya ja labari, ya ja, direba ya yi kaza, fasinjoji suka yi kaza, har a zo daidai ƙofar nan mai murfi biyu. "Direba na juyowa, sai akuya ta buɗe baki ta ce..." Sai ya taka birki. "Af, mun iso. In ka farka ka ji sauran." Na taɓa ganin tsohon da ya riƙe ƙarfen ƙofa yana cewa a dakata da aikin tukuna. In an shige da mutum, Baba yakan jingina da bango yana motsa baki shi kaɗai. Nakan ce a raina, ka ji mutum, ko bango bai tsira ba.

Ni nas ce, kuma a lokacin an ba ni aikin wani bincike. Likitan barci, wato mai yi wa mutane allura su yi barci kafin a yi musu aiki, yana son gano wace hanya ta fi rage zafi bayan tiyata: allurar da ake yi a gefen ciki ta kashe wurin, ko maganin da aka saba sawa a ledar ƙarin ruwa. Mutum ɗari da ashirin ake nema, kowa sai ya yarda ya sa hannu. Takardar da ke cikin rufaffiyar ambulan ce ke zaɓa wa kowa hanyarsa. Mara lafiya bai san wadda aka yi masa ba, ni ma ban sani ba. Aikina in tsaya a kan mutum idan ya farfaɗo, da fom a hannu, in ce, "Daga sifili zuwa goma, zafin ya kai nawa?" In rubuta lambar, shi ke nan.

To ina! In tambayi mutum lamba, ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Me akuyar ta ce?" In ce, "Malam, lamba nake so." Ya ce, "Biyu ko uku, rubuta wadda kika ga dama, ki kira min mai tura gado." Wata mata ta ƙi ba ni lamba sam, sai da aka gaya mata ko mutumin da ya haɗiye agogo a labarin Baba ya samu zuwa aiki a kan lokaci. Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Na sha wahalar karatu shekara da shekaru, ga ni ana aikena neman ƙarshen akuya.

Da muka kai mutum sittin, Likita ya baza fom-fom a tebur, ya ga abin da ya hana shi cin abinci. Litinin, Laraba da Juma'a lambobi ƙanana ne, biyu, uku. Talata da Alhamis kuwa shida, bakwai, har da kuka. Ambulan dai ba ta san rana ba, balle ta yi son kai. Ya duba firjin magani. Ya duba fanka. Ya zargi likitocin tiyata, suka kusa cinye shi ɗanye. Har ni ya kalla ta saman tabarau ya tambaya ko ranar Talata ina ɗaure fuska fiye da kullum. Na ce masa fuskata kullum a ɗaure take, ya nemi wani dalilin.

Ni na kai masa jerin aikin masu tura gado. Litinin, Laraba, Juma'a: Baba Rediyo. Talata da Alhamis: Gunki, wani dogon bawan Allah da tun da ya fara aiki ba a taɓa jin ya ce komai ba ban da "a matsa". Likita ya dafe kai. Ya ce wata huɗu yana gwada magani biyu, ashe akwai na uku yana yawo a baranda da takalmin roba. Ya ce wannan bai isa hujja ba, amma ya isa ya dagula masa bincike. A ranar na rubuta ƙarar nan.

Babbar Sista, shugabar dukkanmu, ta kira Baba ta ba shi zaɓi: ko ya kama bakinsa har a gama bincike, ko a raba shi da gadonsa a mayar da shi ɗakin wanki a can bayan asibiti, inda babu kowa sai injin da ya fi shi ƙara.

"Ranki ya daɗe, shiru ai ba wuya," in ji Baba. Ya kwashe minti ashirin yana yi mata bayanin irin shirun da zai yi.

Ya gwada, wallahi ya gwada. Ranar farko ya guntsi ruwa a baki, likitan ƙashi ya yi masa sallama, ya manta ya amsa, ya wanke wa likita riga. Daga nan ya koma manna filasta a baki, yana ba da labari da gira da hannu ɗaya. Wani mara lafiya ya ga yana nuna sama yana girgiza kai, ya ɗauka cewa ake ba zai tashi ba, nan take ya fara wasiyya a baranda. Alhali labarin kaza ne da ta hau rufin ɗaki.

Ya yi sati uku a haka. Sai aka ɗora masa wata tsohuwa da ba ta taɓa kwanciya a asibiti ba. A tsakiyar baranda ta kama hannunsa ta ce, "Ɗan nan, ce min wani abu mana, ko ƙarya ce." Baba ya waiga ya gan ni a bayansa da fom. Ya kalle ni, ya kalli tsohuwa, ya ɓare filastan. "Inna, kin san labarin akuyar nan?" Na ji da kunnena, na kuma kai rahoto. Ban ji daɗi ba, amma na kai.

Aka tura shi ɗakin wanki. Wani ya ɗiga wa tayar nan mai, baranda ta yi tsit. Lambobi suka daidaita yadda bincike ke so, kullum shida, kullum bakwai, kullum ana kirana in kawo allurar ƙari. Na leƙa shi sau biyu. A karon farko yana ba zanin gado labari. A karo na biyu yana ninke zanin kawai, bakinsa a rufe, rigarsa ta yi masa yawa. Na gaishe shi, ya ce, "Lafiya lau, Sista," bai ƙara komai ba. Rediyo fa! Na koma ofis na kasa kallon fom ɗina.

Bayan wata uku, ɗaukar jiƙaƙƙun zannuwa ta fito masa da ƙaba, aka ce sai an yi masa aiki. Na karanta masa takardar bincike, ya sa hannu ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Shi ne mutum na ɗari da ashirin, na ƙarshe.

Da safe Gunki ya zo da gado, kuma gadon Baba ne. Ina biye da su. Baba ya damƙe ƙarfen gefe, idonsa a sama.

"Sista," ya ce a hankali, "ashe haka rufin nan yake? Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kallonsa ba. Ƙofar can ma ban taɓa wuce ta ba." Ya ƙara damƙe ƙarfen. "Tsoro nake ji, 'yata."

Ni ban iya labari ba. 'Ya'yana ma in na fara sai su ce Mama bari kawai. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ka ji labarin takardar da Babbar Sista ta rubuta yau a kan gadon nan naka?"

Kansa ya juyo. "Wace takarda?"

Na ce da sassafe ta kulle ofis. Na ce ta nemi jan biro ta rasa, ta nemi baƙi. Na ce ta rubuta ta yaga, ta sake rubutawa. Na ja, na ja, har na sa mage ta shigo ta taga ta zauna a kan takardar. Baba ya saki ƙarfe, yana cewa, "To? To, sai aka yi yaya?" Na ce, "Sai ta kore magen, ta ɗaga takarda ta karanta min: Daga ranar da Baba ya warke..."

Gunki ya taka birki. "Mun iso," in ji shi. Magana ta biyu ke nan da na taɓa ji a bakinsa.

Baba ya yunƙura zai tashi. "Sista! Daga ranar da na warke me?"

"In ka farka ka ji sauran."

Ƙofa ta rufe, ni kuwa na san babu wata takarda. Aikin kuwa minti hamsin ne. Na zura ofishin Babbar Sista da gudu, ni da nake hana mutane gudu a baranda. Babbar Sista ta saurare ni tana kaɗa cokali a kofi kamar ba ta da wani aiki a duniya. Ta ce, "Ke kika kawo ƙara, ke za ki janye ta. A rubuce. Ki kuma rubuta cewa ke kika ɓata mutum na ƙarshe da naki surutun." Na rubuta shafi uku a tsaye. Sai ta nemi tabarau, yana kanta. Sai hatimi, yana cikin durowa. Sai makullin durowa, yana cikin jakar da ke ƙarƙashin kujerar da take zaune. Wallahi saura kaɗan in ɗaga ta da kujerar.

Na iso ɗakin farfaɗowa ina haki, daidai lokacin da Baba ke buɗe ido. Likita na tsaye a kansa. Na gyara murya na ce, "Daga sifili zuwa goma..."

"Me takardar ta ce?"

"Baba, lamba tukuna."

"Sista, kada ki sa in tashi da ɗinki."

Likita ya kalle ni ta saman tabarau. "Sista, har da ke?" Na ce har da ni. Ya karɓi fom, ya ja masa layi daga sama har ƙasa, ya ce yanzu sai mun nemo mutum na ɗari da ashirin da ɗaya, kuma a kai shi ranar Talata.

Na buɗe takarda na karanta. Daga ranar da Baba ya warke zai koma kan gadonsa, Litinin, Laraba da Juma'a, kuma babu mai auna masa minti. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Ni ma na juya ina gyara ledar ruwan da ba ta bukatar gyara.

"To yanzu fa, Baba, ya kai nawa?"

"Takwas," ya ce. "Kawo allura. Kin iya farawa, 'yata, amma kin yi gaggawa. Ba a juye wa mutum ƙarshe duka, ana rage masa na gobe."

Na yi masa allurar. Idonsa ya fara lumshewa. Na duba hagu da dama, babu mai jina, na sunkuya na ce, "Baba, don Allah, me akuyar ta ce?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ina na sani? A bakin ƙofa ban taɓa sanin ƙarshe ba. Da bango nake jingina ina roƙon Allah su farka su tambaye ni."