Majiya Ɗaya

Na daɗe ina gabatar da labarin tseren motoci a wani ƙaramin gidan rediyo a Maraɗi. Minti biyar ne kowace Litinin da hantsi, a ƙarshen shirin wasanni, bayan ƙwallo da kokawa sun cinye lokacinsu. Ba ni na nemi aikin ba. Babu mai so, ni kuma ina karanta Faransanci da sauri, sai aka miƙo mini. Ranar Lahadi a yi tsere a wata ƙasa mai nisa, da motoci masu kujera ɗaya waɗanda ba a taɓa ganin irinsu a garinmu ba, ni kuma in zauna in nemo wa labarin Hausa.

Rabin abin da nake karantawa ba tseren ba ne, jita-jita ce. Direba kaza zai bar kamfaninsa ya koma wani, an gan shi yana cin abinci da shugaban wancan. Dattijon da ya koya mini aiki ya kafa mini doka tun ranar farko: abin da majiya ɗaya ta kawo bai zama labari ba tukuna, sai an sami ta biyu. Kafin nan iyakar abin da za ka ce shi ne ana raɗe-raɗi, amma ba a tabbatar ba. Na riƙe dokar har ta bi ni gida. Ko farashin hatsi aka faɗa mini, sai na tambayi wani.

Babu wanda ya kai autan gidanmu sauraron shirin. Direba ne shi ma. Yana tuƙa a-kori-kurar wani tsohon Alhaji na Jiratawa, yana kwaso tumatir da albasa da zogale daga lambuna zuwa kasuwar Maraɗi. Motar ta tsufa, ko an matsa mata ba ta gudu, kuma wannan ne ya sa hankalin mahaifiyarmu ya kwanta da aikin. Da na fito daga ɗakin watsa shiri, salulata za ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Shi ne, yana nufin in kira shi.

"Yaya, wa ya ce maka ana shan kwana da birki? Kafin kwana ake taka birki. Ka daina ba mu kunya a iska."

Lokacin da aka canza doka aka kewaye kan direbobin tsere da wani lanƙwasasshen ƙarfe don kariya, na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo, ya ce igiyar silifa ce suka ɗaura wa mota. Ya ce wanda ke tsoron kansa ya zauna gida ya sayar da goro.

A shekarun nan wasan mota ya yi ƙarfi a bukukuwan 'ya'yan masu hali. Bayan la'asar sai a taru a wani fili gefen hanyar Tsibiri, jama'a su yi zobe, mota ta shigo da gudu, direba ya ja birkin hannu ta riƙa juyawa a wuri ɗaya, tayoyi na hayaƙi, samari na zaune a tagogi. Masu motocin ba duka suka iya ba. Sukan nemo wanda hannunsa ya faɗa, su ba shi makulli.

Wata Laraba na kai babur ɗina gyara Sabon Gari. Bakaniken mutum ne mai yawan zance, wanda ya taɓa shaida mini mutuwar wani ɗan kasuwa da na haɗu da shi washegari a masallaci. Yana kwance ƙarƙashin wata mota ya ce, "Malam na rediyo, ga labari kyauta. Naku ya canza kamfani."

Na ce wane nawa?

"Autanku mana. Ɗan wani attajiri ya sayo jar mota, shi ya gwada masa ita har sau biyu. Asabar ɗin nan akwai biki, shi zai shiga fili. Tumatir kuma Alhaji ya nemi wani."

Na yi dariya, na biya shi, na tafi.

Alhamis na je Tsibiri gaida Inna. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata in tana magana, kuma ba ta tambayata komai kai tsaye. In tana son sanin wani abu daga gare ni, sai ta faɗa wa ƙanwata a gabana. Ran nan ƙanwata ba ta nan. Inna na zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa ta ce wa kwaryar da ke gabanta, "An ce yaron nan za shi bar motar Alhaji shi kama ta 'yan wasa. Kai da ke jin labarin duniya, mi ka jiya?"

Na san nauyin tambayar. Auta ba ya tsallake maganar Inna. Ya taɓa yin kabu-kabu, ta ce masa ba ta so, washegari ya mayar da babur ɗin. Da na ce mata e, da ta aika a kira shi kafin magariba, da zancen ya ƙare a nan.

Na ce, "Ana faɗi, Inna, amma ba a tabbatar ba."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

A hanyar komawa na gaya wa kaina na yi daidai. Ba zan jawo wa mutum faɗan uwa a kan zancen bakanike ba. Zan nemi majiya ta biyu, kuma babu wadda ta fi shi kansa.

Juma'a da safe na same shi a Jiratawa, bakin magudanar ruwa, ana loda masa kwandunan tumatir. Na ja shi gefe na tambaye shi. Ya dube ni, ya gyara tsayuwa, ya ɗauki wani dogon tattasai ya kara a baki kamar makirfo, ya shaƙe murya irin tawa.

"Ina jin daɗin zama da kamfanina. Hankalina yana kan tseren wannan mako. Ba na tsoma baki a jita-jita."

Masu lodi suka fashe da dariya. Ni ma na yi. Na ce masa ɗan banza, ya ce, "Ɗan jarida ke nan, a ba shi amsa ya yi zagi." Ya cika mini leda da tumatir ya ce in kai wa matata.

Waɗannan jimloli uku ni na fassara su zuwa Hausa, kuma na karanta su a iska ban san sau nawa ba. A bakina ya koye su. Ban tuna direba ɗaya da ya faɗe su ya kuma zauna a kamfaninsa ba. Wanda zai zauna cewa yake babu inda zan je, ya wuce. Na san haka tun kafin in tayar da babur. Daga Jiratawa in mutum ya shigo Maraɗi, ratsa gari kawai zai yi ya kama hanyar Tsibiri. Da na iso mararraba na tsaya, ƙafata ɗaya a ƙasa, ledar tumatir na lilo a hannun babur. Na lissafa: majiya ɗaya ta ce e, ɗaya ba ta ce e ba. Na karya kwana na nufi gida.

Ban je filin ba ranar Asabar. Waɗanda suka je suna da yawa, kuma duk wanda na tambaya abu ɗaya ya faɗa. Zagaye biyu na farko sun yi kyau. A na uku tayar baya ta faɗa yashi mai taushi, motar ta ɗaga gefe, ta kife, ta sake kifewa. Samarin da ke tagogi sun riga sun sauka. Shi kaɗai ne a ciki. Rufin motar ya lotsa ta wajen direba. An sa shi a mota za a kai shi likita, bai kai ba.

Bayan 'yan makonni aka hana wasan mota a bukukuwa. Sanarwar ta zo gidan rediyonmu, kuma ni aka ba in karanta, don an ce ni ne mai harkar motoci. Na karanta ba tare da na yi tuntuɓe ba. A tseren Turai ma haka dokoki ke zuwa, bayan an ɗauke wani daga fili.

Sawun tayoyin ya daɗe a wurin. Duk lokacin da zan je Tsibiri ina ganinsa daga kan kwalta, zobe biyu cikakku, da na uku wanda bai haɗe ba. Da damina mai filin ya shuka hatsi. Ya fito ko'ina, amma a kan zoben ya fito gajere, don ƙasar ta dandaƙe. Shekara ta zagayo ya sake shukawa, na sake gani. Yanzu mutane sun ce babu komai a wurin. Ni dai har yau ina rage gudu.

Ban bar shirin ba. Kowace Litinin in na fito daga ɗakin watsawa, hannuna kan shiga aljihu da kansa. Sau ɗaya salular ta yi ƙara ta katse a daidai wannan lokaci. Na tsaya a baranda ban duba ba har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya. Wani ne ya yi kuskuren lamba.

Inna ta karɓi ƙaramin rediyon da yake ajiyewa a motar Alhaji. Ƙanwata ta ce mini ba ta rasa shirin, ita da ba ta san ko wace ƙasa ake tseren ba. Ba ta taɓa tayar da zancen Alhamis ɗin nan ba, ni ma haka. Na riƙa shirya maganar a kan babur, in isa ƙofar gida ta watse.

Bara, bayan girbi, na yi makonni ina ba da labarin wani matashin direba da ake ta cewa zai koma babban kamfani. Na je gaisuwa, na tarar da ita a inuwar rumbun nan. Rediyon na gefenta a kashe. Ta ce wa tabarma, "Yaron wanga da kake faɗi kullum, za shi koma?"

Na buɗe baki, na ji jimlar da na saba tana tahowa. Na haɗiye ta.

Na ce, "Inna, ranar da kika tambaye ni zancen Auta, na riga na ji. Washegari kuma na tabbatar. Ban dawo na faɗa miki ba."

Ba ta ɗago ba. Ta kaɗe wata tururuwa daga bakin tabarma.

"Na sani. Muryar akwatin rediyo ka yi mini ran nan."



"Ni ma na jiya kafin ka zo," ta ce. "Matar wani mai lodi ta faɗa mini. Na ce in jira in ji daga bakinka, kai ne mai sani. Da na aika an kira shi, da ya zo. Ƙafata lafiya lau take, ban je ba."

Wata kaza ta ratsa tsakaninmu. Daga hanya muna jin motocin kasuwa suna wucewa zuwa Maraɗi. Inna ta ɗauki rediyon ta goge shi da bakin zanenta, ta mayar inda yake.

"Ba ka ba ni amsa ba. Yaron, za shi koma?"

"Zai koma, Inna."

"Uwa tai ta sani?"

Na ce mata wannan ban sani ba.