Bappa Sale da Ta'aziyyar Direba

Duk wanda ya san Bappa Sale, telan Tudun Wada, ya san ba ya kallon fim ɗin leƙen asiri da baki rufe. Da an harbe mutum, ko cikin miyagu ne, sai ka ji, "Innalillahi! Shi ma fa yana da uwa."

Abokin kallonsa Baba Yohanna ne, makanike daga Herwagana. Duk Asabar bayan la'asar sukan baje tabarma a shago.

Wani fim mai kashi biyu ne ya haɗa su rigima. A na farko direban ɗan leƙen asirin ya mutu yana kare maigidansa. A na biyu sai ga gogan naka da sabuwar mota da sabon direba, yana ta washe baki.

Bappa ya miƙe. "Yohanna, ya je ta'aziyya?"

"Haba Sale! Dubi yadda ya tsallake gada da babur!"

"Ya tsallake gada, ya kasa tsallaka titi ya gaida marayu?"

Nan ya rantse ba shi ba ci gaban fim, sai ran da jarumi ya tuna da mamatansa. Baba Yohanna ya ce taurin kai ne. Bappa ya naɗe tabarma. Shi ke nan, Asabar ta daina haɗa su.

Ni ɗan ɗan'uwansa na taɓa tambayarsa, "Bappa, wai me ke gyara kashi na biyu?"

Ya ce, "Tabo, ɗana. Wanda aka karya bara, bana ya ɗingisa. Ni da allura ta soka tun ina koyo, har yau wurin na yi min tsami!"

Yana kwance a ciwonsa na ƙarshe sai ga Baba Yohanna da waya a hannu, yana haki.

"Sale, na uku ya fito! Ya je kabarin direban!"

"Ya gaida iyalin?"

"Har da buhun shinkafa."

Bappa ya ce, "Ya makara. Amma matso in gani." Suka kalla kafaɗa da kafaɗa. Da aka gama Bappa ya ce, "Yanzu ya zama mutum."

Ran da Bappa ya rasu, Baba Yohanna ne ya fara isowa, bai tashi ba sai da aka watse daga zaman makoki. Ya ce min, "In ban zo ba, ai sai ya tambaya."

Allah ya jiƙan Bappa, ya sa inda ya je ya fi inda ya bari. Amin.