Plavec Bai Iya Iyo Ba

Maƙwabcina Bohuslav Plavec ya yi shekara tamanin da huɗu a duniya bai taɓa koyon iyo ba. Abin haushin, a bakin mutanenmu na yau, Plavec na nufin mai iyo. Duk ranar da aka tsokane shi da haka a gidan giya, sai ya buga kofi a tebur.

"Iyon uban wa? Kifaye aka ce muku mu ne? A kan ruwa muke tafiya, ba a cikinsa ba!"

Da gaskiyarsa. A da, masu wannan suna su ne ke ɗaure gumaguman itace, su hau kai, su gangara da su kogin Vltava har birnin Prag. Kakansa ya yi, ubansa ya yi, shi ma ya yi, har shekarar da aka datse kogin, ruwa ya shanye ƙauyenmu, aka kwaso mu zuwa waɗannan benaye. Rasa gida bai dame shi kamar sunan ba. Burinsa ko mutum ɗaya a zuriyarsa ya riƙe ma'anarsa.

Ɗansa ba ya saurare. Sai ya koma kan jikarsa Zdislava, wadda, don ƙarin takaici, aikinta koyar da iyo a tafkin da ya binne ƙauyen. Ina zaune ranar da ya jera tsinken ashana a tebur yana nuna mata yadda ake ɗaurin gumagumai.

"Haba Kaka, sau ɗari ke nan fa."

"Sau ɗari, me kika riƙe, sarkin wayo?"

"Ku mutanen ruwa ne, ni ma haka. Ka ga suna bai faɗi ba."

Ta sumbaci sanƙonsa ta fice. Ya daɗe yana mayar da ashanar cikin kwali ɗaya bayan ɗaya. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ran jana'izarsa a coci, wani matashin limamin cocin da bai san shi ba ya duba takarda, ya ce, "Kamar yadda sunansa ya nuna, mamacin ya yi iyo a kogin rayuwa har ya kai gaɓa."

Kowa ya gyaɗa kai. Zdislava ta share hawaye, ta ce maganar ta yi daɗi. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan gyara masa, sai na dubi mutanen da ke cocin. Ni kaɗai na rage da na taɓa ganin gumaguman nan a kan ruwa, ni kuwa sunana ba Plavec ba ne.